Wilin Motar Sannu-Sannu

Sannu-Sannu ake ce masa, kuma sunan ya bi shi. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas ɗin wata makarantar firamare, ko kaza bai taɓa takewa ba. Masu babur su yi ta danna masa hon a baya, su wuce suna zagi, shi ko a jikinsa. Da ya ajiye aiki, abin da ya rage masa na tuƙi ita ce tsohuwar motarsa, wadda ta girmi autan gidan. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya sha shayi. Matarsa takan ce da mota tana magana, da ita za a riƙa tambaya ko maigida ya tashi lafiya.

Wata safiya kofi ya suɓuce daga hannunsa. Hawan jini ne. Ya yi kwanciyar asibiti ya taso, ƙafa lafiya, hannu lafiya, baki bai karkace ba, kowa ya ce an auna arziki. Ashe abin da ya tafi ba a ganinsa daga waje. Duk abin da ke hagunsa ya daina isowa gare shi. Kuma ba duhu yake gani a can ba, ai da duhu ne da ya sani. Shi a wurinsa duniya cikakkiya ce, ba abin da ya ragu. Likita ya ja babbar 'yarsa baranda, wadda yake kira Mamana, ya ce mata kada a bar shi ya sake riƙe sitiyari. Ta ce to. Ta dawo ɗaki, ta dubi ubanta yana laluben makullin mota a aljihun riga, ta kasa gaya masa.

A gida kowa ya koyi zama da abin. Idan aka ajiye masa abinci, sai ya cinye gefen dama tas, ya ture kwanon.

"Yau kuma rowa aka yi mana?"

"Wace rowa, Malam? Duba da kyau," in ji matarsa. Kafin ya duba ta riga ta juya kwanon da yatsa ɗaya, sai ga abinci ya dawo. Ya ci gaba da ci, bai tambaya ba. Haka kuma duk wanda kuka ya zo masa a gidan, ba sai ya fita waje ba. Sai ya koma hagun Baba ya yi abinsa shiru.

Shi kansa tun da ya dawo kamar an rage masa wuta. Ba ya fushi, ba ya dariya. A gaya masa an yi haihuwa ya ce madalla, a gaya masa an yi rasuwa ya yi addu'a, duk da murya ɗaya. Abu guda yake tambaya, makullinsa.

Mamana ce ta ɗauke makullin, kuma da ta rasa abin faɗa sai ta nuna ƙafafun motar. "Baba, dubi wilin nan don Allah. Tsatsa ta cinye su. Wata rana taya za ta fita a tsakiyar titi. A bari sai an gyara, sannan in ba ka."

Ita a zatonta ta rufe magana, don sababbin wili sun fi ƙarfin ɗan fansho, irin na wannan motar ma an daina kawo su. Kai, yarinyar nan ba ta san ubanta ba! Washegari ya ɗaga motar da jak, ya ɗora ta a kan bulo, ya kira mai facin bakin layi ya raba masa tayoyin da ƙarafansu. Mai faci ya ƙwanƙwasa kowane wili da sifana, ya kasa kunne, ya ce ƙarfen da ransa, tsatsar a sama ta tsaya.

Sai Sannu-Sannu ya zauna a kujera 'yar tsuguno a gefen gareji, ya ɗora wili a cinya kamar mai yi wa jariri wanka. Burushin waya ya fara sawa, tsatsa tana zuba ja-ja a kan ƙafafunsa. Daga nan samfefa mai kaushi, sannan mai laushi da ɗan ruwa. Ba da ido yake aikin ba, da yatsu ne. Ya goga, ya shafa, inda ya ji gurgura ya koma, ya mirgina wilin ya kama gaba. Ramukan noti kuwa sai ya naɗe samfefa a jikin tsinke ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya wanke da kananzir, ya shanya, ya shafa jan fentin nan na kashe tsatsa da ƙaramin burushi, nan ma a cinya, yana shafawa yana juyawa. Ba inda ya tsallake. Matarsa tana kawo masa ruwa, ta ajiye a damansa, ta tsaya tana kallon yatsunsa da suka tsattsage. Ba ta hana shi ba. Tun asibiti ba ta ga ya so wani abu ba sai wannan.

Saura fentin sama, ruwan azurfa, na gwangwanin fesawa. A nan yana da dokarsa tun zamanin bas: ɗanyen fenti ba a taɓa shi, ba a motsa shi. Don haka ya shimfiɗa kwalaye a ƙasa, ya kwantar da wilin huɗu a jere, ya kori kowa saboda ƙura. Ya girgiza gwangwani, ya tsaya a kan kowanne ya fesa a hankali, ya jira ya sha iska, ya sake bi. Da ya gama ya ja ƙofar gareji ya ce kada wanda ya leƙa sai gobe.

Washegari da hantsi Mamana ta zo. Ya buɗe ƙofar da kansa, ya tsaya gefe.

Kowane wili gefen damansa yana ƙyalli kamar sabon cokali. Gefen hagu kuwa ja wur, ko ɗigon azurfa bai taɓa shi ba. Duka huɗun haka, kamar an raba su da zare.

"Yaya kika gani, Mamana?"

"Sun yi kyau, Baba." Ta zame ta koma hagunsa.

"To madalla. Kawo makullin. Gobe ni zan kai mamanku ganin likita." Ya miƙa hannu yana jira, idonsa a kan aikinsa.

Matarsa, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta san hanyar asibitin nan. Ta gaban makarantar da ya yi wa aiki take bi, kuma ƙofar da yara ke fitowa da gudu a hagu take. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji tausayi ba, gajiya kawai ta ji har cikin ƙashi. Ta gyara zaninta, ta durƙusa gaban wili na farko.

"Ke, kada ki taɓa!"

"Ya bushe, Malam."

Ta sa hannu biyu ta juya shi a kan kwalin, a hankali, har jan ya zagayo damansa. Ya tsaya yana kallo. Ta matsa ta juya na biyu. Ta kai hannu ga na uku ya ce, "Bar shi haka."

Can waje mai faci yana ta dukan taya.

"Kwanon abincin ma haka ne?"

"Haka ne."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka dawo daga asibiti."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa yau Laraba ce. Hannun da ya miƙa don karɓar makulli yana nan a miƙe, ya manta da shi. Sai ya sauke shi, ya goge a jikin riga. Daga nan ya fara juyawa, ba kai kaɗai ba, duk jikinsa, ƙafa na bin ƙafa, sannu-sannu kamar yana karya kwana da bas cike da yara. Ya wuce ƙofar gareji, ya wuce bokitin kananzir, sai ga 'yarsa tsaye dab da kafaɗarsa, makulli a dunƙule a hannunta, fuskarta sharkaf da hawaye.

Ya daɗe yana dubanta.

"Au, a nan kuke yi ke nan," ya ce. "Riƙe makullin, Mamana."