Abin da Kaka Ya Rubuta a Ƙarƙashin Ruwa

Shekarar da na ajiye alli na bar koyarwa, na yi wa kaina alkawari cewa sai na ga bayan littattafan da ke kan kantar ɗakina. Mai ɗakina ta ji alkawarin, ta yi dariya, ta ci gaba da tankaɗenta. Ban ga laifinta ba. Tun muna sabon aure take ganina ina shigowa da littafi a hammata, ba ta kuma taɓa ganin na kai ƙarshen ko ɗaya ba.

Ciwo ne da ni, na sani. Ko barkono aka aike ni saye a kasuwar Sabon Gari, sai ƙafata ta karkata wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa ta wajen Bata. In tsuguna in yi ta juye-juye, rana na dukan ƙeyata, masu adaidaita suna yi min hon kamar na tare musu hanyar Makka. In kawo gida Fagge, in jera a kanta, in ce sai an yi hutu. Hutu ya zo, takardun jarrabawar yara su cinye shi tas. Haka kantar ta cika har katakonta ya lanƙwasa a tsakiya.

Da na samu kaina, na faro daga layin ƙasa. Wasu sun biya ni jiran da suka yi. Wasu kuwa haushi suka ba ni, don akwai marubucin da zai ɓata shafuka rututu kafin ya faɗi abin da tsohuwa za ta faɗa a numfashi ɗaya. Irin waɗannan na daina jin kunyarsu, in rufe in wuce. A hankali na hau sama, har hannuna ya kai ga abin da ya fi kowane daɗewa a ɗakin.

Gafaka ce ta fata, ta yi baƙi saboda tsufa. Ta kakana ce, mahaifin Innata. Malami ne Babarbare da ya taso daga Barno ya zauna a Fagge, ya rasu Inna tana da cikina. Bayan na girma, ranar da aka raba kayan gidansa da suka rage, kawunnaina suka ce a bai wa mai karatu, aka miƙo min. Na karɓa da hannu biyu, na ɗora a can sama inda yara ba za su taɓa ba, ni ma ban taɓa ba.

Wata safiya bayan na karya, na yi alwala na sauko da ita. A ciki akwai takardu warwara, ba ɗinki, an matse su tsakanin bangon fata biyu. Littafin fiƙihu ne da aka kwafa da hannu, da tawada mai ruwan ƙasa, kan babi kuma da ja. Larabcina na zaure ne, da ƙamus a gefe ina lallaɓawa. Na ga an fara da babin tsarki, kamar yadda irin waɗannan littattafai suka saba.

Amma ba manyan layukan ne suka riƙe ni ba. Wanda ya kwafa ya bar fili tsakanin layi da layi, a cikin filin nan kuma wani hannu daban ya zuba ƙananan rubutu, wasu a karkace, wasu sun gangara gefen takarda sun yi kwana, kamar tururuwa ta sami sukari. Na gwada su da Larabci, suka ƙi. Na gwada su da Hausar ajami, wadda nake karantawa ba laifi, suka ƙi. Kalma ɗaya ce kawai ta amsa min, mai baƙi uku, nun da jim da ya, babu wasali. Na karanta ta: na ji.

Na juya takarda, ga ta nan kuma. Na ji. Na sake juyawa, na ji, na ji, wani shafin har ta cika shi. Nan take na gane komai, ko in ce na ɗauka na gane. Kaka yana saurayi, gurfane gaban malaminsa, duk inda aka yi masa bayani ya fahimta sai ya sa shaida cewa ya ji. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Mutumin da ban taɓa gani ba, ga ladabinsa a rubuce. Na kai labarin majalisarmu ta ƙofar gida, na yi musu wa'azi a kan ɗaliban da da na yanzu, kowa yana gyaɗa kai. Mai ɗakina kuwa, da yake Bafulatana ce kuma ba ta barin wasan Barebari ya wuce ta, cewa ta yi, "Ikon Allah. Ashe a cikinku an taɓa yin mai ji."

Washegari da hantsi na ɗauki littafin na nufi ɗakin Inna, a can ƙuryar gida. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga inuwar mutum. Hausarta ta Kano ce tsantsa. Barbarci kuwa sai in ranta ya ɓaci, ko in wata tsohuwar ƙawarta ta zo, su kuma ƙawayen duk sun riga ta gidan gaskiya. Mu 'ya'yanta ba mu tsinci komai ba sai gaisuwa.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, na buɗe littafin Kaka."

Ta ce, "Sai yau?"

Na haɗiye wannan, na ba ta labarin na ji, da irin muryar da na yi wa majalisa. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Baba fa ba ya Hausa sai in ya shiga kasuwa. Me zai sa ya zuba ta a littafi? A ƙarƙashin me ya rubuta?"

Ban taɓa duba wannan ba. Na sa yatsa na bi. Ta farko tana ƙarƙashin kalmar Larabci mai nufin ruwa. Ta biyu ma haka. Na bi shafin har ƙasa, kowace a ƙarƙashin ruwa take. Na faɗa mata.

Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na miƙa mata moɗa. Da ta huce ta ce, "Nji ne. Ba na ji ba. Nji, ruwa ke nan da bakinmu."

Ban ji kunya ba a lokacin, sai daga baya, da na tuna wa'azin majalisa. Na dubi takardar da ke hannuna, duk wannan tururuwar rubutu, shafi bayan shafi har ƙasan gafaka, ashe harshensa ne. Kakana ya zauna ya juye littafin nan kaf zuwa maganar gidansu, ya bar ta tana jira a saman kantata, a gidan da mutum ɗaya ne kacal zai iya jin ta, ita kuma ba ta iya karatu ba.

Na ce, "Inna, bari in gwada wata." Na harhaɗa baƙaƙen, na furta ta haka, na furta ta haka, tana girgiza kai. Can ta ɗaga hannunta ta ce, "Musko." Na duba sama da kalmar, hannu ne kuwa.

Daga ranar muka sami aiki. Kullum da hantsi in ta sha kununta, in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta inda haske yake. Ni ke da ido, ita ke da kunne. Tunda rubutun ba wasali, sai in yi ta jujjuya kalma a bakina har ta faɗa inda ta san ta, sai ta cafke ta gyara min, ta faɗi ma'anar. Ba ta da haƙuri da ni ko kaɗan. Takan ce ina tauna Barbarci kamar mai cin ɗanyen rogo. Ni da na shafe rayuwata ina gyara wa yara baki, ga shi ana sa ni maimaita kalma ɗaya har sai leɓena ya gaji, kuma ban taɓa jin daɗin karatu irin wannan ba.

Kalmomin da ke tsakanin layi ba su da wuya, tunda Larabcinsu yana sama. Dogayen bayanan gefen takarda su ne abin. Nan ne Kaka yake magana da kansa, babu Larabcin da zan jingina da shi. Akwai inda littafin ya ce ruwan da ɗanɗanonsa ya sauya saboda ƙasar da yake kwance a kai yana nan da tsarkinsa. A gefe Kaka ya yi layi mai tsawo, muka kwashe safiya muna fama da shi. Da ya warware, Inna ta ce, "Rijiyar garinsu yake nufi. Ya ce ruwanta kanwa-kanwa ne, kada ɗalibi ya hana mutane alwala da shi, haka Allah ya yi shi." Na zauna ina mamaki. Hukuncin da aka rubuta a wata ƙasa mai nisa, tun zamanin da ban iya ƙiyastawa ba, ya yi tafiya a hannun masu kwafa har ya tsaya a bakin wata rijiya a Barno, yau kuma ga shi a bakin ƙofar Inna, ana jiyo mai kiran sayen gawayi a lungu.

Na tambaye ta yadda aka yi ta san wannan, don ta ce ba irin Barbarcin da ake hira da shi ba ne, na malamai ne, tsoho. Ta ce tana yarinya a bayan zana take zama tana tsince wake, shi yana zaure yana biya wa ɗalibai. Babu wanda ya koya mata. Shiga kunnenta ya yi ya kwanta, ita kanta ba ta san yana nan ba sai da na zo ina tono shi.

Wata rana na ɗauki 'yan takardu na kai wa wani malami Babarbare a Rijiyar Lemo, don in rage mata wahala. Ya karɓe ni hannu biyu, ya zuba Larabcin kamar ruwa. Da ya zo bayanan gefe ya ɗan tafi, ya tsaya, ya ce gaskiya rabi yake kamawa. Kowane malami da yadda yake taƙaita maganarsa, wannan sai wanda ya zauna da shi. Na dawo gida a ƙafa. A ranar na san cewa littafin nan iyakarsa iyakar Inna. Na dubi takardun da muka gama, na dubi waɗanda suka rage, waɗanda suka rage sun ninka su. Tsoro ya kama ni, har na fara gaggawa, ita kuma ta ce in ina sauri in tafi tasha.

Mun wuce babin tsarki, mun ci rabin na salla, damina ta sauka. Zazzaɓi ya kwantar da ita. Allah ya tashi kafaɗarta, amma ba duka ta dawo ba. Takan tambaya ko an yi azahar alhali yanzu ta sallame. Takan kira mai ɗakina da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Na bar gafakar a ɗaki, na ce ta huta. Ita ce da kanta ta ce, "Ina takardun? Ko ka mayar da su sama?"

Muka koma tabarma. Yanzu in na furta kalma takan daɗe, wani lokaci ta kamo, wani lokaci ta ce in wuce. Duk wadda ta ce in wuce, na san ta wuce ke nan.

Ranar wata Laraba, an ɗauke ruwa, tsakar gida na ɗiga, muka zo wani bayani a gefen babin sujada. Bakina ya riga ya saba da hannun Kaka, sai na ji layin ya zo min gaba ɗaya ba tuntuɓe, da hawa da saukarsa, ban kuwa san kalma ko ɗaya a ciki ba. Ina rufe baki, Inna ta gyara zama. Ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta sunkuyar da fuska, ta ce da wata ƙaramar murya da ban taɓa ji a bakinta ba, "Na'am, Baba."

Na sauke takardar a kan cinyata. Tambayar da nake yi kullum tana kan harshena, me ya ce, Inna? Na dube ta, tsohuwa mai jikoki da tattaɓa kunne, ta nutsu tana jiran mahaifinta ya ƙarasa magana. In na tambaya, zan dawo da ita Fagge ne kawai, ga ma'anar kuma ba lallai ta same ta ba.

Ban tambaya ba. Na share idona da hannun riga, na nemo layi na gaba, na ci gaba da faɗa mata abin da yake cewa.