Sunayen Matan Fagam a Cikin Laftof Ɗina

Shekara shida na yi ina yi wa mata awon ciki a wani ƙaramin asibiti ta wajen Fagam. Rufin ɗakinmu na yoyo da damina, littattafai su jiƙe, shi ya sa na riƙa shigar da komai a laftof ɗina: sunan mace, ƙauyensu, da sakamakon gwajin jininta. Wasu ko mazajensu ba su san abin da gwajin ya nuna ba.

Da aka maido ni Birnin Kudu na miƙa bayanan ga wadda ta gaje ni, na sa laftof ɗin a kasuwa. Maigidana ya samo mai saye, wani malamin Islamiyya daga Gwaram da ke son buga jarrabawar ɗalibai. Na goge fayil ɗin duka, na ɗauka magana ta ƙare.

Muka haɗu da azahar a shagon wani dattijo mai gyaran kwamfuta kusa da tasha, don ya duba wa Malam lafiyarta. Malam ya fita amsa waya. Mai gyaran ya tambaye ni ko na kwashe kayana, na ce tas. Bai yi musu ba. Ya soka wata 'yar filasha a jikin laftof ɗin, ya ɗan yi danne-danne, ya juyo min da fuskar kwamfutar.

Sunaye ne ke fitowa a jere. Na huɗu daga sama ƙanwar Malam ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na karɓi haihuwarta ta biyu, ni kuma na gaya mata sakamakonta a bayan labule.

Mai gyaran ya yi min bayani a hankali, cewa irin gogewar da na yi ɓoye abu kawai take yi, yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. Dole a bi ma'ajiyar gaba ɗaya a shafe, sannan a zuba sabuwar manhaja. Aikin awa uku ne ko fiye. Na ce ya fara.

Da Malam ya dawo ya ji sai ya jira an shafe abin da ke ciki, fuskarsa ta canza. Yana da karatu bayan La'asar, ga mota na cika.

"Malama, ni ba na buɗe abin da ba nawa ba," in ji shi.

Na yarda da shi. Amma malamai nawa ne za su taɓa ta a makarantar?

"Ba zarginka nake ba, Malam. Amanar wasu ce a ciki. In ba za ka iya jira ba, a fasa."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya zauna a benci.

Aiki ya wuce rabi aka ɗauke wuta. Batirin ya tsufa, ba ya riƙe caji, kuma mai gyaran ya ce in ta mutu sai an koma farko. Ya ja igiyar janareta sau biyar, shiru, har ya fara haki. Ina kallon alamar batir ta yi ja. Sai Malam ya miƙe, ya tuɓe babbar riga, ya karɓi igiyar. A ja na uku ta tashi.

Bayan La'asar aka gama. Mai gyaran ya sake soka filashar a gabana, babu abin da ya fito. Malam ya rungumi laftof ɗin, ya yi mana sallama a taƙaice. Ya rasa karatunsa, kuma bai tambaye ni abin da ke ciki ba.

A hanyar gida na tuna da wayar da na sayar shekara biyu kafin nan, wadda na sha ɗaukar hoton takardun gwaji da ita. Har yau ban san hannun wa take ba.