Zanen Goggo a Dandali

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ina koyarwa a wata firamare a Kaura Namoda, kuma ni ke rubuta wa ƙungiyarmu ta samari wasan kwaikwayo. Da damina ta kankama, amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyukan wajen Sakajiki, sai muka ce bari mu yi wasa a kan tsaftar abinci. A lokacin ina jin kaina ba kaɗan ba. Kullum faɗa wa 'yan wasa nake yi cewa in mai kallo bai ga irin mutanen da ya sani a dandali ba, to ɓata masa lokaci kawai muka yi.

Labarin gajere ne. Wani ya zuba shara a bakin rijiya, mai fura ta ɗebi ruwan ta dama, direba ya sha bai ko wanke hannu ba, ya kwanta rai a hannun Allah. Dabarar da nake taƙama da ita tana ƙarshe. Sai a kaɗa ƙararrawar makaranta, kowane ɗan wasa ya sandare a inda yake, shugabanmu ya fito ya tambayi 'yan kallo, "Jama'a, laifin wa?" Amsar da muke nema ita ce laifin kowa. Na kafa doka cewa ba mai motsi sai an sake kaɗa ƙararrawa.

Mata sun daina hawa dandali a wannan lokaci, samarin kuma kowa ya noƙe, ba mai son ɗaura zane. Dole ni na zama mai fura. Na tafi wurin goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke sayar da fura a gindin wani durumi a tashar mota. Direbobin Shinkafi da Zurmi su ne masu sayenta. Na ce ta ara mini zane da mayafi da tsohuwar ƙwarya da ludayi.

Ta yi dariya ta ce, "Malam, alli ya ƙare ne za a koma ga hura?"

Ta ba ni, ba ta tambayi labarin wasan ba, ni ma ban faɗa mata ba.

Da kayan kaɗai na ɗauka da sauƙi. Goggo tana buga ludayi sau biyu a bakin ƙwarya kafin ta miƙa wa mutum, tana ɗan jan ƙafar hagu, kiranta kuma ɗaya ne: "A taho a jiƙa maƙoshi, bayin Allah." Duk na kwashe, domin ban san wata mai fura kamar yadda na san ta ba. Wurin gwaji wani abokina ya ja ni gefe ya ce, "Wagga ai goggonka ce sak." Na hau shi da faɗa, na ce wasa ne, kowa ya san wasa ne.

A Shinkafi da Zurmi abin ya yi kyau. A Zurmi har wani dattijo ya miƙe ya ce laifinmu ne baki ɗaya, kaina ya ƙara girma. Sai muka dawo gida, muka kafa dandali a filin da ke kusa da tasha bayan la'asar.

Ina buga ludayi sau biyu, direbobi suka fashe da dariya. Daɗin dariyar ya ɗebe ni. Na fyace hanci da gefen mayafi, na tsoma yatsa cikin ƙwarya na lasa, abin da babu shi a rubutuna, abin da kuma ban taɓa ganin Goggo ta yi ba. Aka kaɗa ƙararrawa, muka sandare. Shugaba ya fito ya yi tambayarsa. Zamani ne da kowa ke ɗokin yanke hukunci, ba a ko bari ya rufe baki ba wani ya ɗaga murya daga baya: "Mai hurar gindin durumi!" Fili ya ɗauka gaba ɗaya.

Ina durƙushe a gaban ƙwarya, ina jin kome. Da na miƙe na cire mayafin na ce ƙarya nake yi mata, da an ji ni. Amma ƙararrawa ta biyu ba ta kaɗa ba, ni kuwa ban so in ɓata wasana. Na zauna yadda nake har aka tafa mana. Wannan zaman shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Kafin mako ya zagayo mutane sun janye daga wurinta. 'Yan kamasho in sun wuce sai su ƙwanƙwasa benci sau biyu suna dariya. Furar da take dawowa da ita gida tana tsami, ana ba tumaki. Na yi kwanaki ina kewaye unguwarsu kafin na iya shiga mayar da kayan.

Na same ta a tsakar gida da hantsi, lokacin da ya kamata a ce tana tasha. Na durƙusa na fara bayani, wai ba da ita nake ba, darasin na kowa ne. Ta bar ni har na gaji don kaina.

Ta ce, "Ɗana, tun kana rarrafe kake shan hurata. Ta taɓa ɓata ma ciki?"

Na ce, "A'a, Goggo."

"To, ga ka da baki, ga jama'a sun taru. Mi ya hana ka hwaɗi hakanan?"

Na ajiye kayan a gabanta na miƙe. Ta ce in gaida mutanen gida. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake ɗaukar fura zuwa tasha ba.