Kawu Mai Guga da Makarantar Tsigi

Ƙanena mai guga, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zama a aji ba, kamar ni dai. Amma shi ya zaɓa wa jikata makaranta, kuma da hancinsa ya zaɓa. Ku bar dariya, ku tsaya ku ji.

Nono ɗaya muka sha, ni ce babba. Tun yana saurayi ya shiga wanki a wani otal, zannuwan gado daga safe har yamma, har fatar hannunsa ta yi fari tana saɓulewa. Da ya gaji da tsawar manaja sai ya kama wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar wani bene, kusa da mai gyaran agogo. Wurin nan, in ka buɗe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Tebur ɗaya da tsohon bargo a kai, dutsen guga biyu, na wuta da na gawayi, igiya a sama, kwanduna a ƙasa, famfo a bayan bene inda yake wankin. Shekara arba'in da wani abu yana nan. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, bai sake aure ba, sai ya zama Kawun kowa. Har mai agogon da ya girme shi, Kawu yake ce masa.

Tunda ba ya rubutu, da zare yake gane kaya. Kowane gida da launinsa, ya ɗan soka a cikin wuyan riga ya ƙulle. In launi ya ƙare ya haɗa biyu. Bai taɓa ba wani rigar wani ba. Kuma kafin ya jiƙa kaya sai ya laluba aljihu, ya shinshina, ya ɗaga wa haske. Abin da yake gani a kayan mutane, da ni ce da unguwar ba ta kwana lafiya ba. Wanda ya koma shan taba a ɓoye, wadda ta samu ciki ba ta faɗa ba, wanda aka kora daga aiki amma kullum yana fita da jaka, duk ya sani. In na matsa masa na ce, "Kai, ɗan ba ni labari mana," sai ya ce, "Yaya, wanki aka kawo mini. Ki je wajen mai kitso."

To ita jikar tawa, Tsigi muke ce mata saboda ƙanƙanta. Uwarta 'yata ce, tana aikin jinya a asibiti. Ubanta mai gyaran wuta ne, mutumin kirki, sai dai son harkar manya. Yarinya mai wayo, tana shekara biyar ta san kowane makulli na gidan nan da ƙofarsa. Matsalarta in'ina. A gida da sauƙi. Amma baƙo ya zuba mata ido, ko a daka mata tsawa, sai maganar ta maƙale, ta yi ta "za, za, za," idonta ya ciko. In kuwa fitsari ya matse ta a gaban mutane, kafin "zan je bayi" ta fito, ta riga ta jiƙe. Daga nan sai ta yi kwana biyu ba ta ce wa kowa uffan. Abin da nake tsoro ke nan, a kai ta inda za ta jiƙe a gaban yara, su liƙa mata suna, bakin ya rufe gaba ɗaya.

Akwai wata babbar makarantar kuɗi da kowa ke rububinta, ita uban ya ƙwallafa wa rai. Sai an yi wa yaro tambayoyi kafin a ɗauke shi, kuma ba sa faɗin wanda suka ɗauka sai sauran makarantu sun cika sun rufe ƙofa. Uwar ta ce ba za ta zauna da guda ɗaya ba, sai ta nemi ta ko-ta-kwana, in waccan ta ƙi, ga inda za a nufa. Ta yi ta kwaso takardu masu hotuna, yara suna murmushi haƙora fes. Ta baza su a kan gado, ta duba, ta sake dubawa, har ta tsaya a kan wata mai shuɗin yunifom, mai farar mota da ƙofar gilashi.

Ranar Asabar za ta kai fararen kayan aikinta guga, na bi ta don in ga ɗan'uwana. Tana miƙa masa kayan ta ce, "Kawu, mun samo wa 'yarka makarantar ajiya." Ta nuna masa hoton.

Ya kalla, ya ci gaba da guga. Sai da ya gama hannun riga ɗaya ya ce, "Masu shuɗi?"

"Su."

"Uhm."

Na san wannan uhm ɗin tun muna yara. Na ce, "Kai, in da magana ka fito da ita, kada ka kashe mu da uhm."

Ya ajiye dutsen a kan ƙarfensa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, kamar wanda aka ce ya yi sata. Sannan ya sunkuya ya jawo kwando, ya zaro 'yan ƙananan siket da wanduna shuɗaye guda huɗu. Ya naɗe ƙugun kowanne a tafin hannunsa don kada mu ga zaren mu gane gidan. Ya miƙa wa uwar Tsigi.

"Ke ma'aikaciyar asibiti ce. Shinshina."

Ta kai hanci ta kawar da kai.

Ya ce, "Gida huɗu daban-daban. Duk 'yan ƙaramin aji. Duk mako haka suke zuwa, kuma ya bushe a jiki, ba wanda ya canza musu. Yaro ɗaya, sai in ce halinsa ne. Biyu, in ce sanyi. Shekara uku ina wanke wannan."

Ta ce, "Haba Kawu, yara ne fa. Makaranta ake zaɓe, ba sabulu ba. Suna da kwamfuta tun daga aji ɗaya."

"Ban san kwamfuta ba, Hajiyar allura. Ita ma kawo mini ita ake yi in wanke?"

Mai agogo da ke leƙe ya tuntsire da dariya. 'Yata ta ɗaure fuska, don ba ta son a yi mata dariya a gaban mutane, gadon ubanta ne.

Sai ya jawo wani kwandon. Waɗannan yunifom ne ruwan ƙasa, yadin ma ba mai tsada ba. Ya juye aljihun wani, yashi ya zubo da murfin kwalba. Gaban rigar duk fenti. Ya nuna mana wani maɓalli da aka mayar da baƙin zare, ya ce ba ɗinkin uwar yaron ba ne, ya san hannunta, wannan a makaranta aka mayar. Sannan ya zaro wani ɗan wando mai jan zare a ƙugu.

"Wannan zaren ba nawa ba ne. Wandon aro ne. In yaro ya ɓata nasa, su wanke masa jiki, su sa masa wannan, su ƙulla nasa a leda. Uwa ta kawo in wanke, ta mayar. Wandon nan ya zo hannuna daga gida biyar. Ni ban san abin da suke koyarwa ba. Na dai san ba a barin yaro ya wuni a jiƙe."

Ya ce, "Kada ki ɗauki maganata. Ki je da ƙafarki. In sun kai ki ofis, ki ce bayin yara kike son gani."

A hanya tana ta mita, wai Kawu ya tsufa, wai wa ya taɓa jin an zaɓi makaranta daga kwandon wanki. Amma ran Talata ta karɓi hutun rabin yini, ta ce in shirya.

Muka fara da masu shuɗi. Kai, wuri ya yi kyau, ba ƙarya. Sanyi kamar cikin firiji, kujera ta haɗiye ni har sai da aka ciro ni. Wata budurwa mai dogon farce ta kawo mana ruwa, tana ta zuba bayani. 'Yata ta ce tana son ganin bayin yara. Budurwar ta ɗan tsaya, ta ce ba wanda ya taɓa tambaya. Aka bi da mu wani dogon lungu, muka sauka matakala, muka zaga baya. Tsaf yake, har ƙamshi. Amma da kwaɗo a ƙofar. Makullin yana wajen wata mai shara, sai da aka nemo ta. Aka ce mana sau biyu ake kawo su a layi, don kada su ɓata wurin. In yaro ya matsu a tsakani, sai ya ɗaga hannu ya miƙe tsaye ya nemi izini da cikakkiyar magana, cikin ladabi, wai tarbiyya ce.

Da cikakkiyar magana. Na kalli 'yata, ta kalli ƙasa.

Ta biyun, mai yunifom ruwan ƙasa, sai da muka yi tambaya sau uku muka gano ta. Tsohon gida ne aka mayar makaranta, allon sunan ma ya koɗe. Shugabar wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, muka same ta a tsakar gida tana raba faɗa a kan lilo. 'Yata ba ta ko zauna ba ta ce bayi. Matar ta yi dariya ta ce, "Ke ce uwa ta farko da ta fara da inda ya kamata." Ƙofar bayin a cikin ajin ƙanana take, ba kwaɗo, an sauko da mariƙin daidai hannun yaro. Muna tsaye wani ɗan ƙato ya tashi ya shiga abinsa, ya fito yana jan wando, malamar ba ta ko daina waƙar da take koya musu ba. A kan kanta ga kwando cike da wanduna masu jan zare.

Aka gaya wa shugabar zancen in'ina. Ta ce, "Muna da biyu yanzu. Dokar ajin nan, in wani yana magana ba mai ƙarasa masa. Ko ni."

A ranar aka rubuta sunan Tsigi.

Ranar tambayoyin babbar makaranta kuwa, mutum uku suka zauna a bayan tebur suka ce ta faɗi sunanta. Sunan bai fito ba. Bayan wata guda takarda ta zo, wai tana cikin masu jira. Uban ya yi kwana uku yana huci, yana taka mana ƙafa a tsakar gida. Tsigi ta sa ruwan ƙasa ta tafi abinta. Sau ɗaya ta dawo da wandon aro, a makon farko. Ta shigo tana tsalle, ta nuna mini jan zaren, ta ce, "Ka, ka, Kaka, irin na Kawu!" Ba kuka, ba komai.

Ana tsakiyar zango sai ga waya daga babbar makarantar, wani ya fasa, wuri ya samu, a ba su amsa kafin Litinin. Uban ya ce ai shi ke nan, dama wadda take ciki ta ajiya ce. Uwar ta ce a'a, a tsaya. Suka yi ta ja har ya ce, cikin gatse, to a je a tambayi shugaban makarantu na ƙarƙashin bene. Ya ɗauka wasa ne, ita kuwa ta ɗauki mayafi. Muka ɗunguma mu uku.

Uban ya ce, "Kawu, tunda kai ne masani, me hancinka ya ce a kan babbar?"

Ya ce, "Bai ce komai ba. 'Ya'yan can injin wanki gare su a gida, ko safa ɗaya ba ta taɓa zuwa hannuna ba. Abin da ban wanke ba, ba zan yi shaida a kansa ba. Wataƙila ta fi kowace kyau."

Uban ya washe baki ya ce, "Kin ji ko?"

Kawu ya ce, "Ta Tsigi dai na sani." Ya ɗauko rigarta daga igiya, ya kama bakin wuyan. "Da can duk rigar da aka kawo mini tata, nan wurin a taune yake, jiƙe da yawu, har yadin ya huje. Kai ubanta ne, ka san lokacin da take tauna riga. Duba wannan. Mako shida ke nan."

Uban ya karɓi rigar ya juya ta, ya sake juyawa. Wuyan lafiya lau, sai ɗigon koren fenti. Ya daɗe yana kallo. Ni ban ma taɓa lura ba, kuma a ɗakina take kwana. Can ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "To ta ƙarasa shekarar mu gani." Shi da kansa ya kira babbar makarantar ya ce a ba wani. Shekara ɗayar nan kuwa sai da ta zama shida.

Ƙarshen zangon aka kira iyaye, kowane yaro zai fito ya faɗi wani abu. Kawu ya rufe shago ranar aiki, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi ba. Muka zauna a benci na baya, gwiwoyinmu a haɓa don na yara ne. Aka kira Tsigi. Ta fito, ta fara, layi na biyu ta maƙale. Yara ashirin da wani abu suna zaune a tabarma, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya faɗa mata. Wani ma hancinsa yake haƙa yana jira. Ta ja numfashi, ta sake kamawa, kalmar ta fito, ta bi sauran a guje har ƙarshe.

Na juya in ga Kawu, na same shi yana share ido da hula. Ya ga na gan shi, sai ya ɗaure fuska, ya nuna mini wani mai babbar riga a gabanmu da haɓa.

"Yaya, dubi kafaɗar bawan Allahn nan. Wane mugu ne ya yi masa guga?"