Shuɗin Da Ya Ci Aikin Sylvester

Sylvester Ibo ne, mazaunin Sabon Gari. Bayan yaƙin basasa ya dawo Kano, ya sami aiki a wani ɗakin gwajin ƙasar noma. Ni malamin gona ne daga Fagge, ni nake kai masa ƙasar manoma.

Mutum ne marar surutu. Ya shanya ƙasa, ya daka, ya tankaɗe, ya girgiza ta a ruwan magani, ya tace, sannan ya ɗiga wani maganin. In ruwan ya yi shuɗi sosai, ƙasar tana da fosforas, wato abin da takin sufa ke ƙara wa gona. In ya yi fari-fari, sai a rubuta wa manomi taki.

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sai kowace ƙasa ta koma shuɗi. Har gonar Hajja Zinariya ta Kwaciri, rairayi zalla, wai a ƙoshe take! Aka hana ta sufa, gyaɗarta ta tsumbure. Raina ya ɓaci. Ga shi kuma Sylvester ya yi sabon keke. Na ce ruwa ba ya tsami banza, ƙarya yake rubutawa don taki ya saura a sito a karkatar da shi kasuwa.

Ya rantse mini cewa ko ruwa tsura ya gwada shuɗi yake yi, yana zargin magungunan, a ba shi lokaci. Na ce ya nemi wawan da zai gaya wa. Na rubuta ƙara, aka sallame shi.

Sabon ma'aikaci ya zo, shuɗi yana nan daram. Rana ta uku, ina wurin, ya tambayi Agnes mai wankin kwalabe da me take wankewa. Ta ɗauko garin sabulu. Ya ce ai shi ne, akwai fosforas a ciki, yana maƙalewa a jikin kwalba. Agnes ta nuna ni.

“Ai Malam ne ya kawo mana katan guda daga kasuwar Singa, ya ce kwalabenmu sun dafe.”

Wallahi haka aka yi. Kunya ta rufe ni.

Na sami Sylvester a kasuwar Sabon Gari yana sayar da ƙusa. Na faɗa masa komai, ya saurara har na gama.

“Hajja ta sami sufa bana?”

Na ce ta samu. Ya juya yana auna wa wani ƙusa, bai sake dubana ba.