Man Giya a Tafin Hannun Kawu

Yau na zuba madara a shayi, launinsa ya tuno mini da marigayi Kawu, direban jif ɗin likitan Gaya a zamanin Faransawa. Ranar da zai kai ni jarrabawa Dosso, muna haye wani kwari da ya cika da ruwa, ya taka ambiriyaj, wato kuloci, giya ta ƙi shiga. Ya shiga ƙarƙashin mota ya tsiyayo man giyar a tafinsa.

"Ɗiyata, idona ya tsufa. Wane launi ne?"

Ni da ko a ajinmu na lakwal ba na ɗaga hannu, na ce, "Kamar shayi da madara."

"Ruwa ta sha, ba mutuwa ta yi ba."

Ya juye shi, ya zuba sabo daga bidonsa. Kafin a kira sunana mun iso. Allah ya haskaka kabarinsa.