Shekarar Zalɓe

Unguwarmu ta maƙera tana langa da unguwar kasuwa tun kafin a haifi kakana, in kuwa shi ka tambaya, tun kafin a haifi garinmu Filinge kanta. Kowace kaka, in an gama ɗaure dammunan hatsi, sai a share fili a bayan rijiya, mu da su. Kowa ya kama babban yatsan ƙafarsa ta baya, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi, ya mutu, sai ya fita. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa. In ruwanku ya kutsa ya taɓa kututturen gawon da ke bayan abokan wasa, kun sha su, kuma shekara guda za su yi suna sunkuyar da kai in sun zo gyaran hauya.

Tarihin langarmu a bakin kakana yake, kuma ba ya ƙidaya shekaru, suna yake sa musu. Akwai Shekarar Rago, da ragon wani mahauci ya tsinke ya shiga fili, ya kayar mana da rabin ƴan kasuwa kyauta. Akwai Shekarar Wando, da mazagin wandon kawuna ya tsinke yana tsakiyar gudu, ya zaɓi ya riƙe ƙafa ya bar wando, ya sha a gaban dukan matan rijiya. Har yau kawu ba ya bi ta wajen. Sai babbarsu, shekarar kakana, wadda ya isa kututture da ƙato ɗaya rataye a wuyansa. Da ina ƙarami ƙato ɗaya ne. Yanzu sun kai rabin kasuwa, har da mai tsire da tukubarsa.

Ni ba ni da shekara. Abin da ke cina ke nan. In na zauna kusa da shi a maƙera ina zuga masa wuta, sai ya dubi ƙafafuna ya ce, "Waɗanga karan dawa? Da su za ka sha? Iska ma sai ta kashe ka."

"Tsoho, bari dai in samu fili, za ka nemi wurin ɓoye taka shekarar."

Bara na samu fili, ba don an ga gwanintata ba. Anasara suka kwashe samarin unguwa dako, har da wana wanda shi ne ruwanmu, aka duba aka ga ni ne mai saurin da ya rage. Daga ranar na daina amfani da ƙafar hagu. Da tsalle nake zuwa gona, da tsalle nake kai wa baba fura, abin da ya isa gare shi bai fi na jiƙa leɓe ba. Inna ta ce in ban sauke ƙafar nan ba za ta yanke ta ta ba wanda ke so.

Ranar wasa, bayan la'asar, garin duka ya zo. Aka buga, aka yi ta ture-ture. Namu suna faɗuwa, nasu suna faɗuwa, ni ina lallaɓawa ta gefe kamar ba da ni ake ba. Wani ɗan mai goro mai ƙirji kamar ƙofar rumbu ya taso mini, na kauce, ya wuce ya rungumi ƙasa. Sai ga fili fetal, ga kututture yana kallona. Ina jin muryar kakana sama da ta kowa: "Tahi, ɗan banza, tahi!"

A nan ne kumandan, Anasaran da ke mulkin garin, ya ɓullo a kan doki daga wajen bariki, da gardi, wato ɗan sandansa mai jar hula, da tafinta a bayansa.

Dokar kowa ya san ta: in kumandan zai wuce, kowa ya miƙe tsaye cak a kan ƙafafunsa, ya kai hannu goshi. Ihu ya mutu. Ƴan wasan da suka rage, namu da nasu, duk suka saki ƙafa. Ni kuwa na ce ko sama za ta faɗo ba na saki, don wanda ya saki ya mutu, kuma ban ji an ce ban da ranar kumandan ba. Hannu ɗaya yana riƙe da yatsa, ɗayan na kai shi goshi, na tsaya ina rawa kamar kara a bakin rafi.

Gardin baƙo ne, bai san langa ba. Ya zo kaina da bulala. "Kai! Ƙafa biyu!"

Na yi kamar da kututture yake magana. Ya ɗaga bulala. Kumandan ya ce wani abu ta hanci, tafinta ya juya: "Ana tambaya, mi ya sami yaron ga?"

Kafin in buɗe baki sai ga kakana ya fito yana karkarwar da ban taɓa ganin yana yi ba. "Ranka shi daɗe, gurgu ne. Haka aka haihe shi. Ƙahwar ba ta sauka, mun yi magani mun gaji."

Gurgu! Ni! Kumandan ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce a ƙyale ni, suka wuce. Wutsiyar dokin ba ta gama shan kwana ba na yi tsalle na dafa kututture, na kurma ihu. Ni kaɗai na yi shi.

Ƴan kasuwa suka ce ai wasa ya tsaya tun da suka saki don gaisuwa. Na ce wa ya aike su su saki? Duk sun mutu, ni kaɗai ne mai rai a filin. Aka kai magana gaban dattawa. Suka yi ta shafa gemu, suka ce ba a taɓa yin irinta ba, don lokacin da aka kafa dokar langa babu kumandan. Limami ya ce a bar ta ba ci ba faɗuwa. Wani tsoho na unguwar kasuwa ya ƙara da cewa, ko ma an ƙidaya, yaushe aka fara sa gurgu ruwa? Har namu suka yi dariya, maciya amana.

Bai tsaya nan ba. Gardin ya riƙe fuskata. In na hango jar hularsa a kasuwa, dole in cafke ƙafa in kama tsalle, don in ya gan ni a kan biyu, kakana ne zai kwana a bariki. Ran nan da ƙwaryar nono a kaina ya ritsa ni. Bana kuwa aka hana ni shiga fili gaba ɗaya, wai kada a ga gurgu ya warke.

Shekara dai na samu. Kakana ya sa mata Shekarar Zalɓe, don wai haka na tsaya, ƙafa ɗaya, wuya a miƙe, kamar mai jiran kwaɗo. In yana ba da labarin, ba ya kaiwa wajen da na dafa kututture. Yana tsayawa ne daidai inda shi ya fito ya ruɗi Anasara, sai ya miƙe ya gwada karkarwar, mutane suna riƙe ciki.

"Tsoho, ka faɗa musu na sha."

"Zuga wuta, gurgu. Ƙarhe na hucewa."